Wace dikoda zan saya in gasa da bikin karramawa nake so?

Ƙanwata za ta tare a Tumfure nan Gombe bayan sallah, an sa mata talabijin cikin kayan ɗaki, sai angon ya kira ni wai Yaya me zan ɗaura mata ne, GOtv ko StarTimes ko dish ɗin nan na kyauta, don ita fim bai dame ta ba, abin da take so kacici-kacici da gasa da bikin ba da kyaututtuka, irin shirye-shiryen da ba a rubuta wa mutum abin da zai faɗa. Na ce masa malam zo gida mu zauna, wannan ba maganar waya ba ce, ni duk ukun na taɓa amfani da su.

Abin da na fara tambayar shi, wane shiri take kallo da sunan shi? Don nan ne mutane ke asarar kuɗi. In dai Big Brother Naija ne ko Nigerian Idol ko bikin AMVCA na karrama ƴan fim ɗin Afirka, to ba wani zagaye-zagaye, kayan MultiChoice ne, sai DStv ko GOtv. AMVCA tun 2013 ake yin shi a Legas kuma tashoshin Africa Magic ke haska shi kai tsaye, amma fa dare ɗaya ne tak a shekara, kuma gaskiya kafin a kira kyauta ta farko kin gaji da kallon jan kafet, wannan ta ja riga kamar labulen falo wancan ya sha wata hula da ba a san garin su ba, ana ta tambayar su wa ya ɗinka. Da can akwai rukunin fim ɗin Hausa shi kaɗai, shi ne ma abin da ke sa mu zauna har tsakar dare muna jiran mu ga ɗan Kannywood ya hau dandamali, to a 2024 aka haɗe harsunan gida aka mayar rukuni ɗaya na Afirka ta Yamma, tun daga nan ni kam zumuɗina ya ragu, da safe nake duba waya in ga wa ya ci shikenan.

Big Brother kuwa sai dai kowa ya duba falon shi. Awa 24 ake haska shi a tasha 198 ta DStv, wata biyu da ɗoriya, mutane na kwance na tashi na faɗa a kan abinci, ran Asabar da dare a yi casu. Ban ce kar wani ya kalla ba amma gidan da surukai ke shigowa ba sallama mai ƙarfi, ga yaran makwabta, toh a koyi sa lambar kulle tasha tun ranar farko, dikodar na da wurin. Na taɓa barin rimot a hannun ɗan yayata na shiga wanka, na fito na tarar da Hajiya zaune ta kafa wa allon ido ba ta ce komai ba, wallahi shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Wanda na fi so a duk harkar shi ne kacici-kacici. Who Wants to Be a Millionaire da Frank Edoho ya fara gabatarwa a 2004, mutumin nan ya iya ja wa mutum rai, ka ba da amsa daidai ya tsaya yana kallon ka har sai ka fara shakkar sunan ka. Aroma Ufodike ya ci naira miliyan 10 a 2009, shirin ya tsaya a 2017 sannan ya dawo a 2022 da miliyan 20. Ga kuma Family Feud na Bisola Aiyeola, gida biyu ke karawa ana cankar amsar da jama'a suka fi bayarwa. Irin waɗannan da kaka da jika duk a zauna, kowa na ihun amsar shi. Sai dai da Turanci ne, kuma yawancin abin da ya yi daɗi a ciki za ka same shi a YouTube.

Tsakanin DStv da GOtv bambancin aljihu ne da sigina. GOtv eriya ce ake ɗaurawa a kan dogon ƙarfe, ta fi sauƙin kuɗi, tana da kunshin tashoshi irin su Jinja da Jolli da Max zuwa sama, amma kafin ka biya shiga gidan makwabci mai ita ka gani da idon ka ko tana kamawa a layin ku, don abin da ya kama a Jekadafari ba lallai ya kama a bayan gari ba. DStv dish ne, ko a ƙauyen Dukku ka kafa zai kawo, sai dai in hadari ya haɗu da damina hoto ya dinga yankewa, wannan kuma halin kowane dish ne. Farashi ban rubuta ba don canzawa yake, tambayi na ranar da za ka saya.

StarTimes abin da ya burge ni ana iya biyan na kwana ɗaya ko na sati, ga mai albashin da ba ya kai ƙarshen wata wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma akwai Arewa24 a ciki. Amma ba za ka ga Africa Magic ba, kar mai shago ya ce maka duk ɗaya ne.

Sai dish na kyauta, ka sayi risiba da faranti sau ɗaya mai ɗaurawa ya saita maka, ba kuɗin wata har abada. Nan ne Arewa24 take tun 2014, Gari Ya Waye da safe, hirarrakin ƴan Kannywood, shirin girki, duk da Hausa, ga tashoshin wa'azi da na Saudiyya, lokacin musabaƙa kuma ka sha karatu. Mu a Gombe ai musabaƙa ita ce babbar gasar mu, wa ya manta 2024 da Hajara Ibrahim Ɗan'azumi ta ciyo ta duniya a Jodan, garin nan kowa magana ɗaya yake. Ni a wurina ƙarshen musabaƙa ya fi duk wani jan kafet sa bugun zuciya, yarinya na karatu alƙali ya danna ƙararrawa, kai da ke falo sai ka ji cikin ka ya juya.

Wuta kuma kar a manta da ita. Na taɓa biyan wata guda cur saboda wasan ƙarshe na wata gasar waƙa, ana saura mutum biyu a dandamali aka ɗauke, janareta ba mai, a waya na ƙarasa ina tsaye a tsakar gida ina neman sabis. In kuɗin bai isa duka ba gara ƙaramin sola da batir kafin babban kunshin tashoshi.

Abin da na ce wa angon ke nan, ya kafa mata na kyauta yanzu ya dinga sa mata data, bikin gasar gajerun labarai ta Hikayata na BBC Hausa da kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka ta CAF irin wadda Osimhen ya ci a 2023 Lookman a 2024 duk a waya za ta ga guntayen su. In kakar Nigerian Idol ta zo ta ce lallai sai kai tsaye, ya sayi GOtv ya biya watannin nan kawai ya bari. Ya ce to Yaya in ta ce Big Brother fa? Na ce wannan kuma ku ƙarasa a Tumfure, ni ba na ciki.