Laburaren Birmingham: Kwamfutoci a Cike, Littattafai Suna Jira

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ka tambaye ni ko da gaske ne a nan Ingila mutum yana shiga intanet ba ko sisi. Da gaske ne. Katin laburare kyauta ake bayarwa, kuma da shi za ka zauna gaban kwamfuta, ko ka haɗa wayarka da intanet ɗin ginin, ko ka ari littattafai ka tafi da su gida na 'yan makonni. Abin da ake biya shi ne buga takarda. Dokar 1964 ce ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da laburare, kwamfutocin kuma sun bazu ne a farkon shekarun 2000.

Babban laburaren Birmingham, wanda Malala Yousafzai ta buɗe a 2013, ya ci kusan fam miliyan 189. Ranar da na fara shiga sai da na tuna yadda a gida muke lissafin data kamar mai awon magani, ga fargabar ɗauke wuta ana tsakiyar cike fom. A nan ba wanda yake kallon ƙwan lantarki.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Wajen kwamfutoci wani lokaci sai ka jira wani ya tashi, tsakanin kantocin littattafai kuwa sai ka yi tafiya kai kaɗai. Da farko na ɗora laifin a kan intanet ɗin nan na kyauta. Da na daɗe ina zuwa, sai na sake tunani. Wata rana wani dattijo ya zauna kusa da ni, ya fito da takardunsa daga leda, yana danna haruffa da yatsa ɗaya. Fom ɗin tallafin gwamnati yake cikewa, wanda yanzu ta intanet ake nema. Ma'aikaciyar wurin ta durƙusa gefensa, tana nuna masa gurbi bayan gurbi har ya gama. Wannan bawan Allah ba littafi ya ajiye ya kama kwamfuta ba, larura ce ta kawo shi. Masu neman aiki da sababbin zuwa irina su ne suka fi yawa a kujerun nan.

Raguwar karatun kuwa gaskiya ce. Binciken da ƙungiyar National Literacy Trust ta yi a 2024 ya nuna cewa cikin yara 'yan shekara 8 zuwa 18, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ke jin daɗin karatu a lokacin hutunsu. Su kansu laburarorin ba su tsira ba: kusan 800 aka rufe a Birtaniya tsakanin 2010 da 2019, kuma a 2015 an rage awannin buɗe na Birmingham daga 73 zuwa 40 a mako saboda ƙarancin kuɗi.

Ni a ganina ɓarawon yana cikin aljihu. 'Yarka da ka sani da son labari, wadda ba ta barci sai an karanta mata, yanzu idan muka shiga laburare sai ta nemi lungu ta dunƙule da waya, littattafai dubbai a bayanta ba ta ko waiwaya. Wallahi abin yana ci mini rai, don na tuna yadda kai da ni muke karɓa-karɓa da littafi guda har bangonsa ya rabu, kana tsaye a kaina kana cewa in yi sauri.

Asabar da ta wuce na karɓi wayar na jefa a jaka tun daga bakin ƙofa. Ta kumbura fuska, ta yi ta zagaye, can sai ga ta da littattafai biyu, ta ɗora su a na'urar aro da kanta. Ɗaya ta kai rabinsa, ɗayan yana nan kan tebur ba ta buɗe ba tukuna. Idan kun yi waya, don Allah ka tambaye ta labarin da ke ciki, ta fi jin maganarka.