The Dark Side of the Moon ko Rumours: wanne za ka fara saya a faifai?

Malam, tunda kuɗin faifai ɗaya ke hannunka kuma yanzu ka haɗa garmahon, ɗauki The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, ka bar Rumours na Fleetwood Mac sai wani jiƙon. Sharaɗi ɗaya ne: ka sayi sabon bugu a cikin ledarsa, kada ka sayi na hannu. Duka biyun ina da su, kuma kowanne ya yi cinikin sama da kwafi miliyan 40, don haka farin jini ba zai raba maka gardama ba. Abin da ke raba ta shi ne yadda aka gina kowanne.

Kundin Pink Floyd ya fito a watan Maris na 1973, amma tun Janairun 1972 suke kaɗa shi a gaban jama'a daga farko har ƙarshe. Kafin su shiga situdiyon Abbey Road a Landan a tsakiyar 1972, David Gilmour da Roger Waters da Richard Wright da Nick Mason sun riga sun san inda kowane kiɗa zai shiga cikin na gaba da shi. Shi ya sa waƙoƙi goman ba su da tsagaitawa a tsakaninsu. Biyar a gefen farko, biyar a na biyu, minti 43 ko kusa da haka, kuma wuri ɗaya kawai aka bar maka ka numfasa, wato lokacin da za ka tashi ka juya faifan. Abu ne da aka auna shi daidai da faifai. A waya mutum kan tsallake nan ya faɗa can, sai ya rasa rabin aikin.

Injiniyan da ya ɗauki sautin shi ne Alan Parsons, ma'aikacin kamfanin faifai na EMI mai albashin mako, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Tef mai layi 16 yake aiki da shi, kuma layukan ba su isa ba, dole wani lokaci a haɗe wasu a kwafe su zuwa sabon tef domin a samu gurbi. Babu kwamfuta mai tuna inda aka ajiye kowane maɓalli. Ranar haɗa sauti hannaye da yawa ne a kan tebur, kowa da layin da zai ɗaga ko ya sauke a daidai daƙiƙarsa, in mutum ɗaya ya makara a koma farko. A ƙarshe aka kawo Chris Thomas ya sa ido kan haɗin, don a samu sabon kunne da bai gaji da kiɗan ba.

Ka saurari farkon "Money" da kyau. Ƙarar kwabbai da akwatin kuɗi da yagar takarda ba wani ne ke yin su yana maimaitawa ba. Gutsattsarin tef bakwai aka yanka da reza, tsayinsu ɗaya, aka liƙa su suka zama zobe, zoben ya yi tsayin da sai da aka zagayo da shi ta jikin sandar makirufo don kada ya saki. Gutsure bakwai saboda kiɗan a kan ƙirga bakwai yake tafiya, ba huɗu ba kamar yawancin kiɗan rok. Ka ƙirga da yatsa za ka kama shi, sannan ka ji yadda yake komawa huɗu da zarar jitar Gilmour ta karɓa daga saksafon ɗin Dick Parry. Agogunan da ke buɗe "Time" kuwa Parsons ne ya je shagon tsofaffin agoguna ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, tun farko don gwajin sauti mai lasifika huɗu, daga baya aka jera su suka buga tare. Bugun zuciyar da ke buɗe kundin ya rufe shi babbar gangar ƙafa ce aka sarrafa, kuma gudun da ke cikin "On the Run" daga wata 'yar na'ura yake mai suna EMS Synthi AKS.

Abin da ya fi sa ni ƙaunar kundin nan shi ne mutanen da aka bari suka yi magana a cikinsa. Waters ya rubuta tambayoyi a kan katuna, game da mutuwa da hauka da ranar da mutum ya yi faɗa na ƙarshe, aka riƙa shigo da duk wanda ke cikin ginin ana zaunar da shi gaban makirufo. Har Paul McCartney an ɗauka, amma ba a yi amfani da nasa ba. Waɗanda suka shiga su ne masu ɗaukar kayan ƙungiyar irin su Chris Adamson da Roger Manifold, da manajan tafiyarsu Peter Watts wanda dariyarsa ce ke ratsa "Brain Damage", da mai tsaron ƙofar situdiyon, wani dattijo ɗan Ayaland mai suna Gerry O'Driscoll. Muryar dattijon nan ce ke magana a hankali a farkon "The Great Gig in the Sky", kuma ita ce maganar ƙarshe a duk kundin, can ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin bugun zuciya. Mutumin da aikinsa buɗe wa taurari ƙofa ne, shi aka ba ya rufe taro.

Sai Clare Torry, mawaƙiyar da ta rera "The Great Gig in the Sky". Parsons ne ya kawo sunanta, ta zo ranar wata Lahadi a Janairun 1973, aka kunna mata fiyanon Wright aka ce ba a son kalmomi. Ta rera abin da ya zo mata, aka haɗa mafi kyawun abin da aka ɗauka, aka biya ta fam 30, ta tafi tana zaton ba za a yi amfani da shi ba. Sai a 2004 ta kai ƙara, aka sasanta a 2005, kuma tun daga nan sunanta ke fitowa tare da na Wright a matsayin marubutan waƙar. Wannan ma hanya ce ta gane bugu. Duk faifan da ke ɗauke da sunanta a layin marubuta, bayan 2005 aka buga shi, komai tsufan da kwalinsa ya nuna.

Yanzu dalilin da na ce sabo. Kundin nan cike yake da wuraren shiru, kuma shiru ne ke tona asirin faifai. Kusan minti ɗaya na farko bugun zuciya ne da muryoyi can nesa, duk wata ƙura ko ƙarzuwa za ka ji ta ƙaraf-ƙaraf a kai. Na biyu, waƙar Torry ita ce ta ƙarshe a gefen farko, wato can kusa da tsakiya. Faifai na juyawa sau 33 da sulusi a minti, amma a bakinsa na waje kwarmin na wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, a ciki kuwa ya sauko wajen 20. Sauti iri ɗaya an matse shi a ƙaramin wuri. In mai faifan na da ya yi ta kaɗa shi da allurar da ta cinye, a nan ɓarnar ke fara fitowa, sai ka ji muryarta tana tsagewa duk sanda ta ɗaga. Wanki ba ya gyara wannan, ido kuma ba ya ganinsa.

Don haka kafin ka ɗora shi, gyara garmahon. Ajiye shi a kan abu mai nauyi da ba ya girgiza, ka tabbata a miƙe yake ba karkace ba, kuma kada ya zauna a kan katako ɗaya da lasifika, domin kaurin bugun zuciyar zai komo ta cikin allura ya zama gurnani. Saita nauyin allura daidai da abin da kamfaninta ya rubuta. Yawancin masu kyau tsakanin giram 1.5 ne da 2.5, kuma ƙaramin sikeli ya fi lambobin da ke jikin dunƙulen bayan hannun allurar gaskiya. Kada ka rage nauyin da sunan tausaya wa faifai. Allurar da ba ta zauna ba tana tsalle a cikin kwarmi tana sassaƙar gefensa, ta fi mai ɗan nauyi ɓarna. Maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki ka sa shi kusan daidai da nauyin. Idan garmahon naka irin mai kamar akwatin hannu ne da lasifika a jikinsa, to ka dakata da sayen faifai mai tsada, domin irinsu kan danna giram 5 ko fiye kuma ba a iya saita su.

Rumours kuma. Waƙoƙi goma sha ɗaya ne masu daɗi, kowacce na tsaye da ƙafarta, kuma a nan matsalar take ga mai faifai ɗaya. Abin da zai ba ka a garmaho bai fi abin da zai ba ka a waya da nisa ba. Ana yawan sayar da shi da labarin rabuwar 'yan ƙungiyar, wato ta John da Christine McVie da ta Lindsey Buckingham da Stevie Nicks, ni kuwa wannan bai taɓa ƙara mini komai a kunne ba.

Amma haƙƙin injiniyoyinsa sai an faɗa. Ken Caillat da Richard Dashut sun fara aikin a 1976 a situdiyon Record Plant da ke Sausalito a Kalifoniya, da tef mai layi 24, aka kwashe kusan shekara ana ɗora wannan a kan wancan. Tef ɗin ya sha wucewa ta kan na'ura har fatarsa ta fara gogewa, kaifin ganguna ya dushe. Abin da ya cece su shi ne kwafin ajiya da suka yi tun farko. Aka samo wani gwani ya sa abin ji a kunne, tsohon tef a kunne ɗaya, na ajiya a ɗayan, yana murɗa gudun na'ura da hannu har bugun gangunan biyu ya hau kan juna, sannan aka kwashe sabbin muryoyi da jita zuwa kan gangunan da ba su lalace ba. "Songbird" kuma a zauren Zellerbach na jami'ar Berkeley aka ɗauke ta, Christine McVie da fiyano a zaure babu kowa, don a kama amon wurin. "The Chain" gutsattsarin waƙoƙi daban-daban ne aka liƙa, ita kaɗai ce ke ɗauke da sunan su biyar har da Mick Fleetwood. An cire "Silver Springs" ta Nicks daga bugun 1977 saboda wuri ya ƙare. Gefen faifai in ya wuce minti 22 ko kusa da haka, dole a matse kwarmi, ƙarfi da kaurin sauti su ragu. Kundin ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 1978, kuma ya cancanta. Fa'idarsa gare ka ita ce bai da wahalar samu na hannu, kuma yawancin kiɗansa na da ƙarfin da ke rufe 'yar ƙura. Ko yaushe ka shirya za ka same shi.

A bugun Pink Floyd, nemi na 2016 ko na cikar shekara 50 da ya fito a 2023. Duka biyun injiniya James Guthrie na cikin waɗanda suka gyara sautinsu, kuma sun ishi kowane garmaho na gida. Kada rubutun giram 180 ya ruɗe ka. Nauyin faifai na taimakawa wajen zama daram, amma ba ya ƙara wa sauti komai, kyawun yana ga tef ɗin da aka ɗauko da wanda ya yanka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, musamman a intanet, domin kundin nan na cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Kowa zai ce maka nasa bugun farko ne. Bugun farko na Ingila na kamfanin Harvest ne, lambarsa SHVL 804, kuma alwatikan da ke takardar tsakiya cike yake da shuɗi, a bugun da suka biyo baya kuwa zanen gefensa kawai ake yi. Yana zuwa da fosta biyu da sitika biyu. Babu lambar nan mai zane-zane ta sikana a bayan kwalin 1973, in ka gan ta magana ta ƙare. Ka ce a ɗauko maka hoton filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, inda aka karce lambar yanka, ka gwada ta da abin da ke Discogs, shafin intanet mai bayanan bugun faifai. Na farkon Ingila A-2 da B-2 ne. Wani zai haɗa tsohon kwali da sabon faifai, wani ya sake naɗe na hannu a leda ya ce dal ne, wani ya kawo mai launi mai ɗaukar ido da kwali mai dishi-dishin rubutu, wanda daga CD aka kwafo shi. Araha ba ta ado. Wanda ya ƙi ɗauko maka hoton lambar, ko ya ce ba a mayar da kaya, bar masa abinsa.

In faifan ya iso, ɗaga shi daidai ido ka duba ko ya lanƙwashe, ka goge shi da burushin faifai ko da sabo ne, domin ƙurar masana'anta na biyo shi. Ka canza masa rigar ciki zuwa mai santsi in ta takarda zalla ce, ka ajiye shi a tsaye nesa da rana da zafi. Gwajin farko ka sa allura a waƙar ƙarshe ta gefen farko. In muryar Torry ta fita tas ba tsagewa, saitinka ya yi, sai ka mayar da hannu farko ka ji shi gaba ɗaya.