Ina ya kamata ka riƙa ajiye abin da ka karanta a intanet?

Yawancinmu a Kaduna rumbunmu ɗaya ne, wato mu tura wa kanmu saƙo a WhatsApp. Ɗan kasuwa a Kasuwar Gumi ya ga farashin kaya ya tura, ɗalibar Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ta ci karo da muƙala ta tura. Bayan wata shida komai ya cakuɗe da hotunan biki, ranar da ake nema kuma a yi ta lalube. Akwai manhajojin da aka yi don wannan aiki, amma kafin kyansu ya ruɗe ka, ka fara tambaya: in kamfanin ya rufe gobe, ko data ta ƙare yau, kayana suna hannuna?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Pocket, wadda mutane suka shekara da shekaru suna tara karatu a cikinta, kamfanin Mozilla mai ita ya rufe ta a watan Yulin 2025. Omnivore, mai irin wannan aikin, ta riga ta tafi tun 2024. Evernote tana nan, sai dai tun ƙarshen 2023 mai amfani da ita kyauta ba ya wuce rubutu 50. Saboda haka duk wadda za ka ɗauka, ka duba ko tana barin mutum ya kwashe kayansa ya fita.

Mai ɗan abin ajiyewa, kamar lambar asusu, jerin cefane ko bashin da yake bi, Google Keep ta ishe shi. Kyauta ce, da Gmail ɗinka za ka shiga, ba ta da nauyi a ƙaramar waya, kuma kana iya rubutu ko babu sabis. Tana ma ciro rubutu daga hoton takarda. In rubutun ya yi yawa ne take gazawa, don ba a yi ta don dogon nazari ba.

Wanda damuwarsa adireshin shafuka ce kawai, Raindrop.io ta fi tsari. Za ka kasa su rukuni-rukuni, ka sa musu alama, ba tare da biyan ko kwabo ba. Amma adireshi take riƙe maka. In an goge shafin, ya tafi, sai fa in kana biyan kuɗi ne take ajiye maka kwafinsa.

Gardamar gaske tsakanin Notion da Obsidian take. Notion ta iya jadawali da aikin haɗin gwiwa. Ƙungiyar unguwa ko masu shago uku da ke son ganin lissafi ɗaya a wayoyinsu za su ji daɗinta. Matsalarta, kayanka suna can a rumbun kamfanin, kuma da intanet aka gina ta. A 2025 sun kawo damar aiki ba tare da intanet ba, amma sai ka riga ka sauke shafin da kake so tun da sabis. A waya mai ƙaramin ƙarfi kuma tana jan ƙafa.

Obsidian kuwa rubutunka a cikin wayarka ko kwamfutarka yake zaune, fayil ne na rubutu zalla da kowace manhaja za ta iya buɗewa. Ba ta neman ka yi rajista, ba ruwanta da sabis, kuma kana iya ƙulla wannan rubutu da wancan, ta yadda bayanin da ka yi kan wani hadisi bara zai kai ka ga wanda ka yi jiya. Ni dai ita nake ba malami ko marubuci shawara. Sai dai tana da sharaɗi biyu. Koyonta na son haƙuri, sannan in waya ta ɓata ba ka da kwafi a wani wuri, to shi ke nan. Haɗa waya da kwamfuta ta hanyar kamfanin kuɗi ne, kuma da dala ake biya, wanda kowa ya san yadda take da naira. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya saba da kwafe jakar fayilolin zuwa Google Drive duk mako.

Af, mai rubutu da Hausa ya tsaya a kan salo ɗaya, ko da haruffa masu lanƙwasa (ɓ, ɗ, ƙ) ko babu, don kada wurin bincike ya ɓoye masa rabin abin da ya rubuta.

Masu digiri na biyu da na uku, irin waɗanda ke wuni a cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, kada su wahalar da kansu da duk waɗannan kafin su sa Zotero. Ita ke kamo sunan marubuci da shekarar bugu, ta jera manazarta a cikin Word yadda sashe ya buƙata. Kyauta ce, a kwamfuta ta fi daɗin aiki, amma wurin ajiyar da take bayarwa kyauta a intanet megabayit 300 ne kacal, 'yan littattafai kaɗan za su cika shi.