Kek ɗin waken suya, na gyada ko na angurya: wanne za ka haɗa wa kajinka?

Masu haɗa abincin kaji da kansu, kafin ku sauke buhu ku sani duk kek ɗin da aka matse wa mai akwai abin da ya rage a cikinsa mai cutar da dabba, kowanne kuma da maganinsa daban.

Ni dai waken suya nake bi. Furotin ɗinsa kan kai kashi 44 zuwa 48, gubarsa kuma wuta ce ke kashe ta, in dai an gasa shi daidai shikenan. Ɗanye yana hana kaza narkar da abinci, ta yi ta ci ba ta girma kashinta ruwa ruwa, in kuma ya ƙone ya yi duhu kamar garin kofi to amfanin ya tafi. Ka nemi mai launin ƙasa-ƙasa mai haske, ka ɗan tauna, in ka ji gafin ɗanyen wake ka ajiye musu kayansu. Sauran matsalarsa fosfaras ɗin ciki, sinadarin gina ƙashi, a ɗaure yake, kaza ba ta iya cirowa, nan ne inzayim ɗin faitez, sinadarin da ake sa wa a abinci don ya kwance fosfaras ɗin, yake shigowa. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura ba, dusar alkama tana da nata faitez ɗin na halitta, don haka haɗa ta da suya yana taimakawa, sai dai zafin injin yin felet (dunƙula abinci ya zama ƙwaya-ƙwaya) yana kashe yawancinsa.

Na angurya a bar wa manyan shanu da raguna, gosifol, gubar da ke cikinsa, yana ɓata gwaiduwar ƙwai ta koma kore-kore. Na kwakwar manja kuwa furotin bai kai 20 ba, cika ciki ne kawai.

Na gyada shi ne ya taɓa ƙona ni, wani dila ya jera masu kyau a sama na ƙasa duk sun sha danshi, biroila suka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya hanta a kumbure. Afulatoksin kenan, gubar funfuna, irinta ce ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960 ta hanyar kek ɗin gyada daga Barazil, kuma gasawa ba ta kashe ta. To dan Allah duk wanda ya miƙo maka leda ba suna ba ranar lalacewa yana cewa wannan inzayim yana wanke kowace guba, ƙarya yake wallahi, faitez ba ruwansa da funfuna ba ruwansa da gosifol. Wasu ma dusa ce kawai a ledar. Ga masu algus da buntun shinkafa da yashi da garin katako, wasu har takin yuriya suke barbaɗawa don furotin ya hau a gwaji. Ka zura hannu har gindin buhu, ka sunsuna, ka zuba cikin tafi ɗaya a kofin ruwa, yashi zai kwanta buntu ya taso. In mai kaya ya hana ka buɗe buhun da kai ka zaɓa, wuce rumfa ta gaba.