Gaskit ɗin murfin bawul na Kunkuru: na kok ko na roba?

Wa'alaikumus salam Malam. Ka tambaya wane gaskit ya fi dacewa da murfin bawul ɗin motarka, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin murfin da kan silinda don hana yoyon mai. Ga Volkswagen Kunkuru mai injin 1600 irin taka, na kok (na ɓawon bishiya) za ka saya, ko wanda aka gauraya kok da roba idan ka dace da shi. Ka ɗebo shida ko takwas lokaci guda ka ajiye, don ba su da tsada. Zancen mai kaya cewa na silikon sau ɗaya ake saye har abada, ka bar masa abinsa.

Dalili yana jikin injin ne. Injin Kunkuru a kwance yake, silinda biyu dama biyu hagu, murfin bawul kuma a gefe yake tsaye, ba a sama ba kamar na Fijo 504. Saboda haka baƙin mai ba fantsama kawai yake yi a kan gaskit ya gangara ba, taruwa yake a gindin murfin ya kwana a kan leɓen ƙasa. Sannan babu noti ko ɗaya da ke riƙe da murfin. Wata waya ce mai kauri, lanƙwasasshiya, da ake turowa ta hau bayansa ta danne. Ƙarfin wayar nan iyakarsa ke nan, ba a ƙara shi da sifana. Gaskit ɗin da zai zauna a irin wannan wuri sai mai laushin da zai lotsa da ɗan matsi kaɗan, kuma mai kaushin da ba zai zame ba.

Kok yana da duka biyun. Ɓawon wata bishiya ce da aka fi nomawa a Fotugal, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, a niƙa a manne a yanka. Idan ka danna shi da farce zai lotsa ya dawo a hankali. Da ya sha ɗan mai da zafi sai ya kumbura kaɗan ya cike ƙananan ramukan da shekaru suka bari a bakin kan silinda. Kunkurun da ke hannunmu, ko wanda aka haɗa a Legas tun daga 1975 ne ko wanda aka shigo da shi, babu mai bakin da yake sumul kamar ranar da ya fito. Na kok nake sa wa tawa motar, kuma idan na buɗe murfi sai in tarar da sawun bakin kan silinda ya kwanta a jikinsa zagaye guda, babu inda ya yanke. Wannan sawun shi ne shaidar ya kama.

Aibinsa biyu ne. Yana bushewa ya taurare, kuma da wuya ya yi aiki sau biyu. Amma wannan bai zama abin damuwa a Kunkuru ba, tunda dole ne ka buɗe murfin duk bayan kilomita 5,000 don saita bawul. Kafin ya tsufa ka riga ka cire shi. Wanda aka gauraya da roba ya ɗan fi jure lanƙwasa da ajiya, shi ya sa na ce idan ka gan shi ka ɗauka.

Na roba zalla ko silikon kuwa, ba na cewa ba ya aiki. Yana jure zafi, ana iya wanke shi a mayar. Sai dai da mai ya taɓa shi ya zama santsi, wayar na hawa sai ya sulale ya faɗa ciki ta leɓen sama ko na ƙasa, kai kuma ba ka gani ba. Injin nan lita 2.5 kacal yake ɗauka, kuma ba shi da ruwa, iska da man nan ne ke sanyaya shi. Gaskit ɗin da ya zame ta ƙasa zai iya tsiyayar da man a tafiya ɗaya, kafin fitilar mai ta kama an riga an yi ɓarna.

Yanzu ga sawa, wanda a nan ne yawanci ake samun matsala a ɗora wa gaskit laifi.

Bari motar ta kwana, injin ya huce sarai. Ajiye tsumma ko tsohuwar roba a ƙasa, don ɗan mai zai zubo. Zura doguwar sukundireba a ƙarƙashin wayar ka banƙaro ta ƙasa. Idan murfin ya manne, buga shi da tafin hannu ko ƙotar katako. Kada ka cusa ƙarfe tsakanin murfi da kan silinda: kan na alminiyom ne, ƙarzane ɗaya ya isa ya zama hanyar mai har abada. Tsohon gaskit da ya maƙale a jikin kan, da katako ko roba mai tauri za ka kankare shi, ka kula kada ɓurɓushi ya faɗa cikin bututun da sandunan tura bawul ke bi, don can ne hanyar da mai ke komawa cikin inji.

Murfin kuwa a wanke shi da kananzir, a kankare tsohon gam ƙal, a goge leɓen da fetur ya bushe. Gam ba ya kama wurin da ke da maiƙo. Daga nan kifa shi a kan gilashi ko wani abu mai shimfiɗe daidai, ka danna kusurwa ɗaya. Idan ya yi rawa, ko ka hango haske ta ƙarƙashin leɓen, ya lanƙwashe, kuma ko gaskit ɗin zinariya ka sa sai ya yi yoyo. Ƙaramar lanƙwasa ana gyara ta da guduma a hankali a kan katako. Babba kuwa, nemi wani tsohon murfin ƙarfe na asali wajen masu kayan tsofaffin motoci, irin su Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Murfin nan mai ƙyalli da ake sayarwa don ado galibi ƙarfensa siriri ne, leɓensa kuma santsi. Baƙin na asali ya fi shi riƙe mai, ya kuma fi shi fitar da zafi.

Gam a gefen murfi kaɗai ake shafawa, siriri, iya abin da zai riƙe gaskit kada ya motsa. Kwantar da gaskit ɗin, bi shi da yatsa zagaye, bar shi kamar minti goma zuwa sha biyar ya kama. Fuskar da za ta haɗu da kan silinda a bar ta haka nan, ko a shafa mata giris kaɗan don ta saki da sauƙi ranar buɗewa. Abin da wasu kanikawa ke yi na zuba jan silikon fuska biyu har yana tsartuwa, kada ka yarda a yi maka. Wanda ya tsarto ta ciki yankewa yake ya bi mai, kuma Kunkuru ba ta da filta ta gaske, rariya ce kawai a gindin inji.

Tunda murfi na buɗe, saita bawul ɗin gaba ɗaya: milimita 0.15 ga na shiga da na fita, inji a sanyaye. Fila geji (siraran ƙarafan auna tazara), sukundireba da sifana 13 sun ishe ka. Fara da silinda ta 1, ka riƙa juya fulin inji (faifan da bel ke bi) baya rabin zagaye don 2, 3 da 4.

Wajen mayarwa, goge bakin kan silinda, ɗora murfin ya zauna daram, riƙe shi da hannu ɗaya sannan ka turo wayar sama da sukundireba. Ya kamata ta yi maka gardama, ta hau da ƙara ƙas. Wayar da babban yatsa kaɗai ya isa ya tura ta, ta gaji, a canza ta. Tayar da inji ya yi minti biyar, ka leƙa da tocila ta ƙasa, gefe biyun. Ɗigo ɗaya idan ka gani, kashe ka sake buɗewa, ba ya gyara kansa. A ƙasan murfin nan bututun salansa yake, man da ya ɗiga a kai shi ne hayaƙi da ƙaurin da ke shigowa cikin mota.

Ba ka tambaya ba amma ka yi hattara da masu kaya. An daina ƙera Kunkuru tun 2003, a Meziko, don haka duk wanda ya ce maka gaskit ɗinsa jiya ya fito daga kamfanin motar, ka dube shi da kyau. Kwali mai sunan Elring, kamfanin gaskit na Jamus, ko rubutun Jamusanci ba hujja ba ne, kwali kowa na iya bugawa. Fito da shi daga leda ka lanƙwasa a hankali. Idan ya tsage ko ya yi ɓurɓushi, ya sha hunturu da yawa a kan kanta. Tafi da murfinka kasuwa ka gwada a gabansa, don tsohon kok yana ƙanƙancewa, wasu kuma suna miƙo na injin manyan Kombi na baya-bayan nan su ce duk ɗaya ne, alhali girmansu ya bambanta. Wanda ya ɗan ƙanƙance kaɗan, jiƙa shi a ruwan ɗumi na ƴan mintuna yakan dawo da shi, a bar shi ya tsane kafin gam.

In ka yi duk wannan mai bai daina fitowa ba, kada ka koma sayen wani gaskit. Wanke ƙasan injin ka duba robobin bututun sandunan bawul, guda takwas ne, kowanne da roba a kai biyu, kuma yoyonsu kan bi ya taru daidai gindin murfi. Duba kuma tiyon numfashi da ya tashi daga wuyan zuba mai zuwa tukunyar iska. Idan ya toshe, ko ringin fistin ya cinye har hayaƙi na busowa ta bakin zuba mai, iskar da ta taru a ciki ce ke turo man waje, na biyun kuwa aikin ringi ne.