Wata guda ina yi wa gawa ban ruwa

Wajen wani mai saida furanni a Abuja na sayi 'yar bishiyar junifa, irin wadda Japanawa ke reno a tukunya suna ce mata bonsai. Ranar da ta iso na yaba, ba ƙarya. Tukunya shuɗiya, reshe ya kwanta gefe guda kamar iska ta tanƙwara shi, ga fararen tsakuwa an shimfiɗa a sama. Na tambaye shi inda zan ajiye ta, ya ce, "Hajiya, ko'ina a falo, ba ta da fitina." Na ɗora ta kusa da talabijin.

Ashe junifa ba ta zaman ɗaki. Rana take so da iska, a waje. Wannan ma da sauƙi. Tsakuwar nan da ta burge ni, da gam aka manne ta! Kullum in na zuba ruwa sai ya sulale ta bakin tukunya ya cika faranti, ni kuwa ina ganin ta sha ta ƙoshi. Sai da ƙanena ya zo, ya kankare ɓawon reshen da farce, ya ga ciki a bushe babu ɗigon kore, ya ce, "Yaya, ai wannan ta daɗe da tafiya." Na yi ta musu, don ganyen na nan kore. Ya ce halin junifa ke nan, saiwa ta mutu amma ganye ya yi makonni bai nuna ba. Muka sa wuƙa muka ɓamɓare tsakuwar, ƙasar ta dunƙule kamar bulo. Saiwar ma 'yar ƙil, reshe ne aka yanko aka dasa, ba tsohuwar bishiyar da mai furannin ya yi ta kurantawa ba.

Don Allah kuwa, da na kira shi bai yi gardama ba, ya aiko da wata a rabin kuɗi. Ita tana baranda, ranar safe na samunta, da azahar inuwa. Ƙasar akadama ta Japan da ake dasa bonsai a ciki ta fi ƙarfina, sai na farfasa jan bulo na gauraya da tsakuwa. Ba na ba ta ruwa sai na tura yatsa na ji sama ta fara bushewa. Da hunturu nakan karkaɗa reshe a kan farar takarda, in na ga ɗigo-ɗigo na motsi na san ƙwari ne, in wanke ta. Har ta yi sabon toho, na huce, na ce in zan ba mai furannin maki, tauraro huɗu zan ba shi.

Sai na tuna ita ma da gam ta zo. Mutumin da na kwashe komai na gaya masa! Kuma makon jiya a gabana ya ce wa wata baiwar Allah ta ajiye tata a ɗakin kwana. Tauraro biyu, ɗayan ma na tukunyar ne.