Ajin Koyon Kalangu da Fiyano a Bayan Titin Gidan Zoo

Wata shida ke nan da na kai ƙanena wani ɗan ajin koyon kiɗa da ke cikin lungu a bayan Titin Gidan Zoo, yankin da situdiyoyin mawaƙan Kano suka yi yawa. Ana koyar da kalangu da fiyano sau biyu a mako bayan sallar La'asar, kuma abin da na gani ya kai a faɗa wa iyayen da ke tunanin kai 'ya'yansu.

Malamin ba ya kaɗa abu ya ce wa ɗalibi ya kwaikwaya. A ranar farko ya rataya wa yaron kalangu a kafaɗa, ya nuna masa yadda ake matse tsarkiyoyin a ƙarƙashin hammata domin sauti ya hau, a sassauta ya sauka, sannan ya ce masa ya je gida ya nemo "sannu da zuwa" a jikin fatar, ya dawo ranar Asabar. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, kalangu yana iya bin hawa da saukar magana, amma sai kunnen mai kaɗawa ya waye kafin hannunsa ya gane hanya. Kwana uku yaron ya yi a zaure yana furta kalmomin a hankali, yana bugawa da gula, yana naɗar kansa a waya yana saurare. Da ya koma, malamin bai gyara masa komai ba sai da ya tambaye shi, "A ina kunnenka ya ce maka ka kauce?" Shi da kansa ya nuna wurin. Wannan ya tuna mini yadda 'ya'yan makaɗa ke gadon sana'a, suna bin iyayensu gidajen biki da suna, suna ɗaukar kiɗa da kunne tun kafin a yarda su taɓa ganga a gaban jama'a.

A ƙarshen kowane wata ɗalibai suna yin wasa a gaban iyaye. Kowa shi yake zaɓar abin da zai kaɗa, shi yake nemo 'yan amshinsa daga cikin abokan karatu, malamin kuwa yana zaune a baya. Na ga yarinyar da ta ɓata kiɗa a tsakiya, ta tsaya, ta ja numfashi, ta koma inda ta bari ba tare da ta waiwayi kowa ba.

Wurin yana da nakasu. Fiyano biyu ne kacal, ɗakin ya yi ƙanƙanta, kuma idan aka ɗauke wuta ƙarar janareto tana danne sautin da ake so yara su saurara. Haka nan tsarin ya dogara ga aikin gida, saboda haka yaron da ba shi da kayan kiɗa a hannunsa zai sha wahala. Duk mai niyyar yin rajista ya fara tanadar wa ɗansa kalangu, ko ya tambayi malamin ko za a ba shi aro zuwa gida.